Tutar Rasha, yadin Sin, telan Tudun Wada

A makon farko na watan Agustan 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɗau zafi, ina zaune a benci a shagon telana a Tudun Wadar Kaduna, ina jira ya ƙarasa min aljihun wata 'yar shara, sai ga samari uku sun faɗo shagon ko sallamar kirki babu. Babbansu, wanda da ƙyar in ya kai shekara ashirin, ya miƙa wa tela waya ya ce, "Baba, irin wannan za ka ɗinka mana, guda goma, yau-yau." Fari a sama, shuɗi a tsakiya, ja a ƙasa. Tela ya sauke ƙafa daga kan keke, ya gyara tabarau, ya ƙura wa hoton ido, can ya ce, "Wannan kuma ta wace jam'iyya ce?" Suka bushe da dariya. Suka ce tutar Putin ce.

Bai ɗinka ba. Kada ma a yaba masa da hangen nesa, ɗinkin wani biki ne ya sha masa kai, kuma yaran ba su zo da kafin alƙalami ba. Allah ne dai ya tsare shi. Ranar 5 ga watan gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, jami'an tsaro suka shiga farautar masu ɗaga tutar da telolin da suka ɗinka ta. A watan Nuwamba kuma duk mun ga yara ƙanana, ƙashi da rai, suna zubewa a gaban alƙali a Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, kafin surutun jama'a ya sa aka sake su.

Kafin samarin su fita na tsayar da babban, na ce, "Yaro, me Rasha za ta yi maka?" Ya ce, "Baba, ba ka ga Nijar ba? Sun kori Faransa, yanzu ƙasarsu na hannunsu." Na tambaye shi nawa ake sayar da tiyar gero a Maraɗi. Ya yi murmushi, ya sosa ƙeya, ya bi 'yan'uwansa. Ban ga laifinsa ba, yunwa ce ta fito da shi, kuma yunwar gaskiya ce. Bayan sun tafi idona ya sauka kan bandiran yadin da ke jingine a lungun shagon, akwai fari, akwai shuɗi, akwai ja. Na ce wa tela, da ka karɓi aikin ai da wannan za ka yi. Ya ce, "Da shi mana. Duk na Chaina ne, Malam. Har zaren."

Wato da an ɗinka, da tutar Rasha ce, da yadin Sin, a garin da a da shi ke tufatar da rabin Afirka ta Yamma. Tun ranar abin yake cina.

Mun mayar da siyasar duniya gidan kallon ƙwallo. A majalisarmu ta bayan isha'i akwai 'yan Putin, akwai 'yan Traore na Burkina Faso, akwai wani dattijo da har gobe in ba Amurka ce ta faɗa ba bai yarda ba. Ana musu, jijiyar wuya na tashi, mai shayi na ƙara ruwa a butarsa. Sai dai a gidan kallo kana biyan kuɗin shiga, in an tashi ka karkaɗe rigarka ka tafi gida, ko an ci kulob ɗinka ba abin da ya ragu a tukunyarka. Wannan wasan kuwa har gida ake biyo ka da lissafinsa, a buhun taki, a kuɗin fansa, a albashin da ba ya kai goma ga wata. Kuma abin da na lura da shi a tsawon shekarun da na yi ina zaune a garin nan shi ne, iskar da ke kaɗawa daga waje iri ɗaya ce ga kowa, amma ɗakin da jinkarsa ta ruɓe shi take kwashewa.

A Makera na tashi. Mahaifina ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ne, kuma ba agogo muke dubawa ba a gidanmu, jiniya muke saurare. In ta yi kuka da rana, sai titi ya cika da kekuna, dubban mutane masu fita da masu shiga, auduga a gashin kansu kamar furfura. Masu tuwo, masu facin taya, masu gidajen haya, duk da wannan jiniyar suke ci. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne masaƙun nan ma da hannun baƙi aka kafa su. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 haɗin gwiwa ce tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. UNTL ta 1964 'yan kasuwar Hong Kong ne suka kawo ta. Arewa Textiles da Japanawa aka yi ta. Ke nan Bature ya zo, mutumin Sin ya zo, Bajapane ya zo, amma sharaɗin zuwansu shi ne su kafa inji a nan, su sayi audugar Funtua da Gusau da Zariya, su ɗauki ɗan Makera aiki. Mutanen Sardauna sun san me suke so kafin su zauna da baƙo.

Sai duniya ta juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta rungumi tsarin SAP irin na Bankin Duniya da IMF, naira ta faɗi, kayan gyaran inji da rini suka yi tsada. A 1995 Najeriya ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. A ƙarshen 2001 Sin ma ta shiga, a farkon 2005 kuma aka cire ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da kowace ƙasa za ta fitar. Atamfa mai araha ta malalo ta Kwatano da Maraɗi ta cika Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Mahaifina bai taɓa jin sunan birnin Janeba, hedikwatar wannan ƙungiya, ba, amma shawarar da aka yanke a can ita ta zaunar da shi a ƙofar gida yana sauraron rediyo har ya koma ga Allah.

To amma in na tsaya nan na yi ha'inci. Wannan iskar ta kaɗa Bangaladash ma, ƙasar da ta fi mu talauci a lokacin, ita kuwa sai ta zama ta biyu a duniya wajen fitar da tufafi. Ba mutumin Sin ne ya hana masaƙunmu wutar lantarki ba. Ba shi ya sa baƙin man da tukunyar masaƙa ke sha ya yi wuya ba, alhali matatar mai na nan a Kaduna tun 1980. Wanda ya kai samfurin atamfarmu can aka kwaikwayo, da wanda ya ɗauko ta a tirela, da wanda ya ɗaga masa shinge a kan iyaka, duk da su muke sahu a masallaci da coci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsohon zance ne, amma mun fi son mu yi ta zagin ƙadangaren.

Haka maganar tsaro take. Duk wanda ka tambaya a Kaduna daga ina 'yan bindiga suka samu makamai zai ce maka Libiya, kuma yana da gaskiya, rabinta. A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda NATO ta hau kansa ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai. A watan Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte, rumbunan makamansa suka zama ganima. Cikin shekara guda Timbuktu da Gao da Kidal suka suɓuce daga hannun gwamnatin Mali. Abin da ba a cika faɗa a majalisa ba shi ne, a lokacin Najeriya na da kujera a wancan kwamitin, kuma hannu ta ɗaga ta ce ta amince. Da mu aka ƙulla. Ban sani ba ko a cikin waɗanda suka ba da umarnin ɗaga hannun akwai wanda ya buɗe taswira ya ga cewa tsakanin kudancin Libiya da Jibiya ƙasa ɗaya ce tak.

Daga wajen wannan lokacin satar shanu a dajin Kamuku da Kuyambana da Rugu ta tashi daga sanda da adda da bindigar toka ta koma AK-47. Sauran labarin mu muka rayu a cikinsa. Hanyar Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar soja. A 2021 kaɗai an kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, da na jami'ar Greenfield, da na makarantar Bethel Baptist, har cikin NDA aka shiga. A watan Maris na 2024 aka kora yaran Kuriga daji kamar garken awaki.

Ɗaya rabin gaskiyar kuwa a Abuja take. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2018 bindigogi sama da 178,000 sun yi ɓatan dabo daga ma'ajiyar 'yan sanda, fiye da 88,000 daga cikinsu AK-47 ne. Waɗannan ba su ratso hamada ba. Kuma bindiga ba ta harba kanta. Yaron da ke riƙe da ita a dajin Birnin Gwari bai taɓa ganin aji ba, bai taɓa ganin asibiti ba, gwamnati ɗaya da ya sani ita ce wadda ta zo ta karɓi shanun ubansa a matsayin beli. Libiya ta kawo ashana, busasshiyar ciyawar tamu ce.

Jirgin ƙasan Abuja ya ishi mai hankali misali. Bashin dala miliyan 500 aka ci daga bankin Sin, kamfanin CCECC na Sin ya shimfiɗa layin daga Idu zuwa Rigasa, aka buɗe a watan Yulin 2016. Aiki ne mai kyau, na hau, na ji daɗinsa. Amma abin da ya cika shi da fasinja tsoron hanyar mota ne, har janar-janar da sanatoci suka koma rububin tikiti. Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa masa bam kusa da Katari, aka kashe mutane, aka tafi da wasu da dama daji. Na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka dawo, jirgin kuma bai sake tashi ba sai Disamba. Duk tsawon watannin nan bashin bai daina ƙirga kansa ba. Sin za ta iya ba ka layin dogo, amma ba za ta tsare maka dajin da ya ratsa ba, kuma ba ta taɓa cewa za ta yi ba.

Gasar manyan ƙasashe ta sauƙaƙa mana abu ɗaya, sayen makami. A 2014, Boko Haram na cin garuruwa, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu saboda zargin take haƙƙin ɗan Adam. Sai a 2021 jiragen Super Tucano 12 suka iso. Yau kuwa in wannan ya hana, wancan zai bayar, ga jirage marasa matuƙi na Sin, ga na Turkiyya, ga jiragen yaƙi na Pakistan. Ana cewa ci gaba ne. Amma a daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojanmu ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, nan ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Ana sayar da jirgi a kasuwa. Sanin wane ne ɗan bindiga, wane ne mai zikiri, wannan ba ya cikin kwalin, sai ka zauna da mutanen ƙauye sun yarda da kai sun gaya maka. Ga DICON, masana'antarmu ta ƙera makamai, can a Kakuri tun 1964, ta girmi kamfanin Turkiyyan da muke layin sayen jiragensa nesa ba kusa ba. Na bar wannan a nan.

Inda abin ya fi yi min ciwo shi ne Nijar, domin surukata 'yar Maraɗi ce. Ranar 26 ga Yuli 2023 Janar Tchiani ya kifar da Bazoum. Kafin mako ya zagayo ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Tinubu, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da muke ba su, aka ba da wa'adin kwana bakwai ko a kai soja. A Legas wataƙila wannan labarin ƙasar waje ne. A nan kuwa cewa aka yi za a kai wa ɗakin kakarka yaƙi. Iyakar nan ta kusan kilomita 1,500, wadda ta taɓa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, Ingila da Faransa ne suka ja ta da alƙalami suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Daura da Damagaram. Majalisar dattawa ta ƙi amincewa da yaƙin, malamai suka tafi Yamai, Sarki Sanusi ma ya je, Allah ya kiyaye.

A cikin watannin da iyaka ke rufe aka yi wa surukata rasuwar ƙanenta. Ni na raka ta. A Jibiya muka tarar da tireloli jere, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, wasu sun kafa murhu, wani ɗaurin albasa ya fara tsiro ta cikin buhu, warinsa na dukan hanci tun daga nesa. Wani yaro ɗan acaɓa ya matso ya ce, "Alhaji, tsallakawa za a yi? Hajiya za ta iya zama a babur?" Tsohuwa mai ciwon gwiwa, haka aka ɗora ta, muka bi ta cikin gonakin gero, ƙura na shiga mana baki, kowane ɗan shinge a miƙa abin goro. Kuɗin da muka kashe ya ninka na mota sau huɗu. A hanyar babu abin da ban gani ana wucewa da shi ba, jarkokin fetur, buhunan shinkafa, katan-katan da ban tambayi abin da ke ciki ba. Takunkumin ya tsayar da mai albasa da mai zuwa ta'aziyya. Wanda ke ɗauke da abin da ake tsoro ko a jikinsa, shi da ma ba ta ƙofa yake bi ba.

An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma zumuncin ya riga ya yi tsami. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na AES, suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Sojan Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka suka miƙa sansaninsu na Agadas a 2024. A watan Disambar wannan shekarar Tchiani ya yi hira da Hausa, Hausar da duk muka ji ba tafinta, yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, a watan Maris na 2025 kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. A daidai wannan tsakanin ne hedikwatar tsaro ta fito ta amsa cewa Lakurawa sun kafu a Sakkwato da Kebbi. Sojan ƙasashen biyu sun daina ɗaga wa juna waya, ɗan ta'adda kuwa ya samu iyakar da zai riƙa tsallakawa ya sha iska. Ni a ganina, duk wata hulɗar jakadanci da Najeriya ke yi, daga Washinton har Beijin, babu wadda ta kai ta Yamai muhimmanci ga mutumin Giwa ko Birnin Gwari, kuma ita muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

'Yan majalisarmu masu tutar Rasha za su ce ai ga shi na dawo hanyarsu. Ban dawo ba. Fushin da ake yi da Faransa halal ne. Ƙasar da ta shekara fiye da hamsin tana haƙar yuraniyom a Arlit, ƙauyukan da ke kewaye suna kwana a duhu, ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi. Sojanta sun yi kusan shekara goma a Mali, ta'addanci kuwa yaɗuwa ya yi. Amma a duba abin da ya biyo bayan korarta. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a garin Moura, a watan Maris na 2022, sojan Mali da baƙin mayaƙan da ke tare da su sun kashe mutum aƙalla 500, yawancinsu farar hula. A watan Yulin 2024 'yan tawaye suka yi wa mayaƙan Wagner, sojan hayar Rasha, mummunar ɓarna a Tinzawaten. Daga watan Satumban 2025 mayaƙan JNIM masu iƙirarin jihadi suka datse hanyoyin tankokin mai, har Bamako ta koma dogon layi a gidajen mai, aka rufe makarantu. Bazoum ya haura shekara biyu a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba. Rasha ba sadaka ta zo yi ba, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin da zinariya ake yinsa. Bawan da ya gudu daga gidan wannan ubangiji ya faɗa na wancan, ban san da wane baki zai yi guɗar samun 'yanci ba.

Ina ɗan taɓa noman masara a wajen Igabi, don haka yaƙin Yukren ma a gona ya same ni. A 2017, lokacin shirin takin gwamnatin tarayya da aka ƙulla da Maroko, N5,500 ake sayar da buhun kamfa. Sinadarin fotash da ake haɗa shi da shi yawanci daga Rasha da Belarus yake fitowa. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 tankokin Putin suka shiga Yukren, takunkumi ya biyo baya, jiragen ruwa suka tsaya, taki da alkama suka yi tashin gwauron zabi a duniya. Ana wata ga wata, a 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500. Da na je sayen taki a daminar 2024 buhu ya wuce N40,000. Na tsaya ina lissafi a gaban mai shago, ya ce, "Malam, in ba za ka iya buhu ba, muna aunawa a mudu." Taki a mudu, kamar gishiri. Maƙwabcin gonata ya bar masara ya koma dawa da waken suya, don su ba su da cin taki. Abin dariya, wanda ya fi kowa zafin kare Putin a majalisarmu manomi ne, kuma a shekarar rabin gonarsa ya bari saura. Abin takaici kuma, Najeriya na yin yuriya fiye da bukatarta, masana'antar Dangote kaɗai an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara, amma da farashin dala ake lissafinta, jiragen ruwa na kai ta Birazil.

Bashi ma haka. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin 100, masu kuɗi suka kwashe dalarsu daga ƙasashe irin namu suka mayar can. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma a wannan watan an zare naira biliyan 7 daga cikin 10 na kason jihar don biyan bashi. Ba na shiga rigimarsa da wanda ya gada. Abin da ya dame ni shi ne an ci bashin da dala, ana tara haraji da naira, shawarar da wasu mutane suka yanke a wani ɗaki a Washinton ita ke faɗin ko za a gyara rufin firamare a Kauru. Da Trump ya dawo a 2025 ya rufe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, sai muka gane ashe maganin masu cutar ƙanjamau da gidan sauro da abincin yara masu tamowa, da yawansu a aljihun wani suke rataye.

Akwai wanda ya fi waɗannan ba ni tsoro. Ranar 31 ga Oktoba 2025 Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana zaluntar Kirista, ya yi barazanar shigowa da bindiga, a daren Kirsimeti kuma Amurka ta harba makamai cikin jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san me irin wannan magana ke iya haifarwa. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2002, mun ga na 2011. Mun ga yadda kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattara suka haura arewa, Kirista suka gangara kudu. An kashe mutane a Zangon Kataf da Kajuru, an kashe a Giwa da Birnin Gwari, kowane ɓangare na da kaburburan da zai nuna, kuma kowanne kukansa gaskiya ne, gwamnatinmu ce ta kasa tsare su duka. Amma in gawarmu ta zama kayan yaƙin neman zaɓen wata ƙasa, su in sun gama za su juya wani wajen, mu ne za mu ci gaba da haɗuwa a kan gada kowace safiya. A masaƙar su babana, ƙungiyar ƙwadago ɗaya ce, Bajju da Bahaushe da Bayarabe da Tibi, in an hana ƙarin albashi tare suke rufe ƙofa. Da aka kashe injin, wannan ma ya tafi, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa shi a lissafin asarar ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa juyin da duniya ke yi sharri ne zalla. Lokacin da mai saye ɗaya ne, shi ke yanka farashi. Yanzu masu saye sun yi yawa, Amurka, Sin, Turkiyya, Indiya, Larabawan Galf, kowa na neman ma'adinai da kasuwa da ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai kaya in ya san darajar kayansa, yau ce ranarsa. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, ta ce mai so ya zo ya kafa masana'anta, kuma sun zo. Zimbabuwe ta yi haka da ɗanyen litiyom a ƙarshen 2022. Mu kuwa zinariyar Birnin Gwari a leda take fita, ta bi ta hannu biyar ta sauka Dubai. A watan Oktoban 2025 farashinta ya haura dala 4,000 kowane oza, kuma duk sanda ta tashi a can, ramin da ake kashe mutane a kansa a nan ƙara daraja yake. Sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya buɗe hanya da kasuwar shanu, na ji daɗinsa kamar kowa, amma ina jiran in ji wa zai mallaki ramukan.

Shugabanninmu sun je Washinton a 2022, sun je Rasha a 2023, sun je Beijin a 2024, an ba mu kujerar abokin hulɗa a BRICS, ƙungiyar su Sin da Rasha da Indiya, a 2025. Zuwa ba laifi ba ne. Abin da ban gani ba shi ne takardar da ake tafiya da ita, irin wadda mutanen 1957 suka riƙe, mai cewa ga audugarmu, ga yaranmu, ga fili, in kana so ka zo ka kafa a nan. Tutar da baƙon ya zo da ita ba ta dame ni ba. A nuna min inda zai dasa injin, da yawan 'yan Rigasa da zai ɗauka.

Kwanakin baya na tare Keke Napep a Kasuwar Barci zan je Kawo. Sai da na zauna na lura da direban, yaron nan ne mai tuta. Ya yi ƙasumba, ya rame kaɗan. A jikin gilashin gaba ya manna hoton Kyaftin Traore da jar hula, a gefe kuma sunan kamfanin Indiyan da ya ƙera keken. Ya gane ni ta madubi, ya ce, "Baba, kai ne na shagon tela ko?" Na ce ni ne. Na tambaye shi keken nasa ne, ya ce na wani Alhaji ne, balas yake kaiwa kullum, in ya cire kuɗin mai da na 'yan tikiti abin da ke saura ba ya wuce na tuwon dare. Muka yi shiru har muka wuce Unguwar Sarki. Da zan sauka ya ƙi karɓar kuɗina, sai da na matsa. Yana ba ni canji ya ce, "Baba, ka ce kana noma ko? Tsohona na da 'yar gona a Rigachikun. Don Allah in ka ji inda ake rabon taki bana, ka sa sunana."